Tatsar Tarwada: Gwanintar Kawo Damina Cikin Rani

An idar da sallar asuba ke nan, gari bai gama wayewa ba, na tarar da wani mai kiwon tarwada tsugune a bayan gidansa da ke gefen Garwa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. A gabansa akwai busasshen kwano, da gashin kaza guda ɗaya, da kwalbar ruwan gishiri. Yaronsa ya ciro tarwada daga baho ya lulluɓe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, nan take ta daina fizge-fizge. Maigidan ya goge cikinta sarai, domin ko ɗigon ruwa ba a so ya faɗa cikin kwanon, sannan ya ɗora babban yatsa ya shafo daga ƙirji zuwa ƙasa. Sai ga ƙwai yana zubowa kamar ana tsiyayar zuma, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa, yana sheƙi.

Na ce, "Malam, ba ka matsa ba ma."

Ya ce, "Wanda ya matsa ai ya yi sammako ne. In lokacinta ya yi, taɓawa kawai take jira."

Watan Maris ne, ko gajimare babu a sama, kogin Binuwai ya ja baya ya bar rairayi. Duk masuncin da ya gaji su ya san tarwada ba ta zuba ƙwai a irin wannan lokaci. Al'adarta sai ruwan sama ya sauka, kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, sannan ta bi sabon ruwa da dare ta watsa ƙwanta ya manne a jikin haki. Ka tsare ta a tafki shekara guda, cikinta zai cika da ƙwai amma ba za ta sake shi ba, saboda ba ta ga alamar da take jira ba. Gwanintar wannan mutum ita ce ya isar wa jikinta da saƙon damina alhali damina tana da sauran wata biyu ko uku.

Saƙon nan yana cikin wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, ba ta kai ƙwayar dawa girma ba. Masana a Kudancin Amurka ne suka fara gano amfaninta. A shekarun 1930, wani masani ɗan Barazil mai suna Rodolpho von Ihering, yana aiki a arewa maso gabashin ƙasar, yanki mai fari da madatsun ruwa kamar namu, ya nuna cewa in an ciro ƙwayar nan daga kan wani kifi aka niƙa aka yi wa mace allura, za ta saki ƙwai. Gwada wannan a kan tarwadarmu kuwa a nan tsakiyar Afirka aka yi shi. A farkon shekarun 1970 masu bincike irin su De Kimpe da Micha sun yi ta fama da ita a tashar kiwon kifi ta Landjia kusa da Bangi, suka fitar da jagorar farko a 1974. Wani ɗan Holan, Hogendoorn, ya yi nasa gwajin a Kamaru, daga baya ya ci gaba a jami'ar Wageningen. A 1985 aka buga littafin koyarwa na Viveen da abokan aikinsa, a 1996 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da na De Graaf da Janssen. Yawancin matasan da ke ƙyanƙyasar tarwada yau a Garwa da Kano da Ibadan ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba, amma lissafinsu ne ke aiki a cikin bahonsu.

Sai dai littafi yana da iyaka. Zai gaya maka ka zaɓi mace mai cikakken ciki, amma ba zai sa maka a yatsa bambancin cikin da ƙwai ya cika da cikin da abinci ko kitse ya kumbura ba. Gwani yakan hana iyayen kifin abinci kwana guda tukuna. Sannan ya juya ta ya duba mafitar ƙwai, ya ga ta yi ja ta ɗan kumbura, ya danna a hankali ya karɓi 'yan ƙwayaye a tafin hannu. In girmansu ɗaya ne, kowanne ya haura milimita guda, to ta isa. In akwai manya da ƙanana a gauraye, sai ya mayar da ita ta ƙara sati biyu.

Allurar kanta yanzu ta zo da sauƙi. Akwai maganin kwalba irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyin kifi. Wanda bai samu ba, ko ya ga ya yi masa tsada, sai ya koma wa ƙwayar kan kifi, ya fasa ƙoƙon kan namiji ya ciro ta da tsinke, ya niƙa cikin ruwan gishiri. Ana soka allurar a tsokar baya, a murza wurin da yatsa don kada maganin ya dawo. Daga nan sai a ware ta ita kaɗai a rufe bahon, don tarwadar da aka yi wa allura takan yi faɗa, takan kuma yi tsalle ta fice.

A nan ne aikin ya fi burge ni, domin daga wannan lokaci mutum ba da agogo kaɗai yake aiki ba, da zafin ruwa yake aiki. Bisa ma'aunin da masu binciken suka fitar da ƙwayar kan kifi, in ruwa ya kai digiri 30 ƙwai yakan nuna cikin kimanin awa 7. A digiri 25 sai ya kai awa 11. A digiri 20 ya haura awa 20. In ka tatsa da wuri, ƙwai ya ƙi fita, ka matsa har jini ya biyo. In ka makara da awa biyu, ya wuce nuna, ko kuma uwar ta zubar da shi cikin baho ya lalace. Shi ya sa mutumin nan ya yi allurarsa bayan sallar isha'i, ya tsoma ma'aunin zafi, ya lissafa, ya kwanta da sanin cewa asuba za ta yi masa daidai. Mu nan arewa wannan lissafi ba abin wasa ba ne. Ruwan da ke tafasa hannu a watan Afrilu, lokacin da zafin Maruwa ke haura digiri 40, shi ne ke yin sanyi ƙalau a daren hunturu na Disamba da Janairu. Wanda ya haddace awanni ya manta da yanayi zai yi asara sau biyu a shekara.

Namijin kuwa shi ke biyan kuɗin aikin da ransa. Yadda Allah ya halicci marainansa, ba a iya tatso maniyyinsa daga waje kamar sauran kifaye. Dole a yanka shi a buɗe ciki, a ciro su farare kamar madara, a goge jini, a tsattsaga gefensu da reza a matse a kan ƙwai. Ruwan gishirin da na gani, giram 9 ne na gishiri cikin lita guda, amfaninsa ya tsare maniyyin yana barci. Da zarar ruwa zalla ya taɓa shi sai ya farka, kuma ƙarfinsa bai wuce kamar minti ɗaya ba. Don haka ne ake kaffa-kaffa da bushewar kwano. Na ga maigidan ya gauraya da gashin kaza, ya zuba ruwa, ya ci gaba da juyawa yana motsa leɓe. Ban tambaye shi ko ƙirga yake yi ko addu'a ba. Kafin ƙwan ya fara danƙo ya dunƙule, ya riga ya shimfiɗa shi a kan ragar gidan sauro da ke shawagi a saman ruwa, ƙwaya ɗaya ba ta hau kan 'yar'uwarta ba. Giram ɗaya na wannan ƙwai ya ƙunshi kusan guda 600, tarwada mai kilo guda tana iya ba da dubu 50 ko fiye.

Kashegari da asuba za su ƙyanƙyashe, su sulale ta ramukan raga zuwa ƙasan baho su taru a lungu mai duhu. Matattun ƙwai sukan koma fari su tsaya a kan raga, sai a ɗage ta gaba ɗaya kafin su ruɓe su ɓata ruwa. Dabara ce mai arha wadda ke ceton dubbai.

Duk wanda ke wannan sana'a zai gaya maka ƙyanƙyasa ita ce mai sauƙin, reno shi ne aiki. Kwana uku na farko 'ya'yan suna rayuwa da guzurin gwaiduwa da ke maƙale a cikinsu. Rana ta huɗu baki ya buɗe, kuma abin da suka fi so shi ne mai motsi. A nan ake kawo wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande da ake kira atemiya, wanda ake kwaso busasshen ƙwansa daga tafkunan gishiri irin na jihar Yuta a Amurka, a sayar a gwangwani. Abin mamaki ne a ce Kamaru, ƙasar da ta samo sunanta daga jatan lande, tun da 'yan Fotugal suka iske shi a kogin Wuri a ƙarni na 15 suka kira wurin kogin jatan lande, ita ce ke sayen ƙwan danginsa daga wata nahiya. Masu ƙaramin jari sun samo mafita, sukan zuba kashin kaji a wani kwami dabam har ruwan ya yi kore, ƙananan halittu su yawaita, su tace su da ƙyalle mai laushi su ba 'ya'yan kifin. Kullum kuma sai an zuƙe ƙazantar ƙasan baho da siririn tiyo. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da isasshiyar iska, sai an bar shi ya sha sarari kafin a sa shi. In an fitar da su tafkin ƙasa, ga kwaɗi da talibambam, ga tsutsar mazari, ga tsuntsaye. Sannan ga su kansu, domin cikin mako biyu wasu kan yi wa 'yan'uwansu fintinkau su koma cinye su. Mai ido yakan tsame waɗannan ƙattin duk bayan 'yan kwanaki. Mai sakaci zai zuba dubu goma ya tarar da ɗari biyu masu ƙiba.

Me ya sa ƙasar da ke da Binuwai da Logon take buƙatar wannan wahala? Domin kogunan sun sauya hali. A 1979 aka gina madatsar Maga gabas da Maruwa don noman shinkafa na kamfanin SEMRY, ambaliyar da ke shayar da fadamun Logon ta ragu ƙwarai, har sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa don a maido da wani sashe. Tsakanin 1977 da 1982 'yan Sin suka gina madatsar Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tafkin ya jawo masunta daga ko'ina, Hausawa da Musgun da Kotoko, bandar Lagdo ta cika kasuwanni har Najeriya. Amma ƙasa da madatsar, fadamun da kifi ke haihuwa suka daina samun cikar da suka saba, a tafkin kuma masu koma suka yi yawa.

A ƙauyen Gunugu da ke gindin madatsar aka kafa tashar gwajin kiwon kifi a ƙarshen shekarun 1980 da taimakon Holan, kuma wani bincike da aka yi a can ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Ana tsoron tafkunan kifi da magudanan ban-ruwa su zama gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Sai aka kawo wani kifi ɗan asalin yankin tafkin Biktoriya wanda aka sani da fasa katantanwa. Roel Slootweg da abokansa suka bi shi da lura, suka gano cewa in ya samu abinci mai laushi a tafki ba ya damuwa da katantanwa, ƙashin maƙogwaronsa ma ba ya yin ƙarfin da zai fasa ta. Suka rubuta a fili cewa dabarar ba ta yi ba, abin da ya fi rage katantanwa shi ne kula da tafki, a cire ciyawa, a riƙa busar da shi. Ina girmama irin wannan bincike, wanda ya hana wasu ƙasashe zuba kuɗi a rami.

Arewa dai ba baƙuwa ba ce a tarihin kiwon kifin Kamaru, wanda aka faro tun 1948. Kifin bargin da mutanen kudu ke alfahari da shi a kogin Nyon, suna kiransa kanga, daga ruwayen arewa aka ɗauke shi a shekarun 1950 aka kai tafkunan gwaji kusa da Yawunde, daga nan ya bazu. Abincin kifi ma muna da tushensa: dusar shinkafa daga Yagwa da Maga, tunkuzar gyaɗa, da dusar gurya daga matatun man SODECOTON na Garwa da Maruwa, wadda ake sawa kaɗan-kaɗan saboda tana da wani sinadari mai cutarwa in ya yi yawa. Amma babbar tashar binciken kifi ta hukumar IRAD tana Fumban ne, can yamma mai sanyi da yawan ruwan sama, alhali tambayoyinmu na zafi ne da hunturu da ƙarancin ruwa. Ya kamata a ce jami'o'in Maruwa da Garwa sun ɗauki waɗannan tambayoyi da gaske, su zauna da masu baho a bayan gida, domin su ne ke da amsar rabinsu.

Bayan mako biyar na koma gidan. Na tarar da wasu samari biyu daga wajen Fitowa sun zo da jarkoki da aka yanke wa baki, yaron yana ƙirga musu 'ya'yan tarwada masu tsawon ɗan yatsa. Uwar da aka tatsa a gabana tana nan lafiya a tafkinta, maigidan ya ce bayan wata biyu za ta sake cika. Ga duk matashin da ke sha'awar wannan sana'a, kafin ka sayi allura ko ka haƙa tafki, nemi wanda ya iya ka kwana a gefen bahonsa sau uku, ɗaya a cikin hunturu, kuma ka tafi da ma'aunin zafi a aljihu.