Hannun Biri da Goɗiyar Iyona

'Yan'uwa, akwai gajerun labarai biyu na Turai da ya kamata mai zuwa gaisuwar mutuwa ya sani. Dukansu a kan mutuwar ɗa suke, kuma dukansu suna nuna abin da makoki yake zama in ya rasa mai sauraro.

Na fari W. W. Jacobs na Ingila ne ya rubuta, ya fito a 1902, sunansa "Hannun Biri". Wani tsohon soja ya dawo daga Indiya da busasshen hannun biri mai tsafi, wanda yake biyan bukata uku. Tsoho White ya roƙi fam 200. Kashegari inji ya kama ɗansa Herbert a wurin aiki ya kashe shi, masu kamfani suka aiko da fam 200 daidai. Bayan jana'iza, tsohon da matarsa suka zauna shiru, da ƙyar suke magana da juna. Yaron yana da kwana 10 da mutuwa uwar ta tilasta wa mijin ya roƙa a dawo da shi. Da tsakar dare aka ƙwanƙwasa ƙofa. Uban, wanda ya ga gawar, da tufafi kaɗai ya iya gane ta, ya yi roƙo na uku tana kokawa da sakata. Da ta buɗe, ba kowa a hanya.

Gwanintar Jacobs ita ce bai nuna mana mai ƙwanƙwasawar ba. Amma tsoro ya fi yawa a labarin, har mai karatu yakan manta cewa wannan uwa ba wanda ya zauna ya ji ta.

Na biyu likitan Rasha Anton Cekof ne ya rubuta a 1886, sunansa "Baƙin Ciki". Ba tsafi a ciki, ba fatalwa. Iyona tsoho ne mai keken doki na haya, ɗansa Kuzma ya mutu a asibiti cikin makon. Yana aiki da dare cikin dusar ƙanƙara, yana neman wanda zai gaya wa. Ya fara gaya wa wani hafsan soja, sai hafsan ya ce ya yi sauri. Samari uku suka hau suna zaginsa, ɗayansu ya amsa masa cewa ai kowa zai mutu. Mai gadi ya kore shi. Wani saurayi abokin sana'arsa ya sha ruwa ya koma barci. Daga bisani ya tafi wurin goɗiyarsa tana cin ciyawa, ya ba ta labarin duka.

A ganina labarin Cekof ya fi nauyi. Iyona bai nemi a dawo masa da ɗansa ba. So yake ya faɗi yadda ciwon ya fara, da abin da yaron ya ce kafin ya cika, da yadda ya je asibiti karɓo tufafinsa. Ta haka mutum yake sakin mamacinsa, kaɗan kaɗan, da bakinsa. Uwar Herbert ba ta sami wannan ba, shi ya sa ta miƙa hannu ga tsafi.

Mun san Dauda, a 2 Sama'ila sura 12, ya yi azumi ɗansa yana ciwo. Da yaron ya mutu ya tashi ya ci abinci, gama ya sani shi ne zai je wurin yaron, yaron ba zai komo ba. Wannan gaskiya ce, amma ba a cusa wa mai makoki ita a ranar farko. Saurayin nan ma gaskiya ya faɗa wa Iyona, ba ta kuwa ta'azantar da shi ba.

To, ɗan'uwa, in ka je zaman makoki, kada ka ce "sai haƙuri" kana neman takalmanka. Zauna. Tambayi yadda abin ya faru, ka ji har ƙarshe, ko da ka riga ka ji jiya.