Jinjina ga Mafarauta, Masu Suna da Kirari

Daga Matameye zuwa Kance, har a tsallaka Ɗan Barto a shiga ƙasar Daura, mafarauci ba ya ɓoyuwa. Riga ce cike da layu, gora a kafaɗa, wuƙa a damtse, karnuka na biye. Idan aka buga gangi ya zabura ya yi kirari, zai faɗi ubangidan da ya horar da shi da dajin da ya kwana. Abokan farauta suna wurin, kuma duk wanda ya ƙara gishiri za su ƙaryata shi nan take.

Yau kirarin ya shiga waya. Mafarauci na magana a Facebook ko TikTok da harshensa na kullum, ba kwana-kwana, a cikin shigar da aka san shi da ita. Aisha Bakari Gombi, Sarauniyar Mafarautan Adamawa, da aiki ta yi suna: ta jagoranci maza cikin daji suna fatattakar 'yan Boko Haram, sannan a 2018 Al Jazeera ta nuna wa duniya labarinta.

Tela, makaniki da mai sayar da ƙuliƙuli duk suna da darasi a nan. Ka fara gwanancewa kafin ka buɗe baki. Ka ambaci wanda ya koya maka sana'a. Ka riƙe kamanni ɗaya, kada ka yi alkawarin naman da ba ka kama ba.

Sannunku da ƙoƙari, mazan dawa. Allah Ya tsare ku, Ya ƙara muku kwarjini.