Suna da Iko a Cikin Ƙagaggun Labaran Ƙasar Hangari

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba tsayawa a kan tambaya guda idan suka zo kan sunayen taurari, wato mene ne ma'anar sunan. Wannan maƙala tana ganin tambayar ba ta wadatar ba, sai an haɗa da wata: wa ya raɗa sunan, wa kuma yake da ikon taɓa shi? Za a gwada wannan ra'ayi a kan ƙagaggun labarai uku na ƙasar Hangari. A lura cewa mutanen wannan ƙasa sunan dangi suke fara ambata kafin sunan yanka, kuma haka aka bi a nan.

2.0 Suna Mai Saɓa wa Mai Shi

A shekarar 1926 Kosztolányi Dezső ya fitar da littafinsa Édes Anna, labarin wata 'yar aiki a gidan Vizy Kornél, babban ma'aikacin gwamnati a Budapest. Kalmar édes tana nufin mai zaƙi, kuma idan aka faɗi sunan gaba ɗaya yana kusa da édesanya, wato mahaifiya. To amma zaƙin iyayen gidanta ne suke sha, domin su ke alfahari da ita a gaban baƙi kamar wata kadara. Da aka miƙa mata ɗan abincin zaƙi don a gwada ta, ƙin karɓa ta yi. Uwancin da sunan yake nuni da shi ma an hana ta, domin Jancsi, ɗan uwan uwargidan, ya yi mata ciki, ya kuma kawo mata magani mai ɗaci ta zubar. Daga ƙarshe ta kashe maigidan da uwargidan da wuƙa. Ita uwargidan kuwa Vizyné ake kiranta, wato matar Vizy, bisa al'adar liƙa ɗafin -né a sunan miji. Ke nan mai zaluncin ma sunan wani take amsawa.

3.0 Sunan da Aka Ƙasƙantar

Littafin Molnár Ferenc, A Pál utcai fiúk, wato Yaran Titin Pál, ya fito a 1907. Tauraronsa Nemecsek Ernő ɗan tela ne, shi kaɗai ne farabiti a rundunar yaran da kowa hafsa ne. Da abokansa suka zarge shi da cin amana bisa kuskure, hukuncin da suka yanke shi ne a rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a littafin ƙungiya. Babu harafin da aka cire, amma an cire martaba. Bayan ya sadaukar da lafiyarsa wajen kare filin wasansu, sai suka sake rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Sun makara, domin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. A nan ma'anar sunan ba ta da wani tasiri. Yadda jama'a suka rubuta shi ne yake ɗauke da jigon.

4.0 Sunan da Aka Ƙwace

Kertész Imre, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002, ya kai al'amarin maƙura a Sorstalanság (1975). Köves György, yaro Bayahude daga Budapest, an kai shi Auschwitz, daga nan Buchenwald, inda aka musanya sunansa da lamba. Abin tsoro shi ne yadda yaron ya koyi amsa lambar ba tare da gardama ba. Wanda aka raba da sunansa an raba shi da ikon cewa rayuwarsa tasa ce, kuma kan littafin kansa yana nufin rashin ƙaddara ta ƙashin kai.

5.0 Kammalawa

An ga matakai uku: sunan da wasu suke mora, sunan da aka ƙasƙantar, da sunan da aka ƙwace. Manazarcin da ya tsaya a ƙamus zai kama wani ɓangare na matakin farko kawai. Mai fassara ma yana da nasa nauyin, domin idan ya bar Édes yadda yake ba tare da ya nemi dabarar nuna zaƙin ba, ya bar mai karatu a bakin ƙofa.