Juya Bidiyo Daban, Jan Sa Daban

Bidiyon waya galibi iri biyu ne: na kwance mai ma'aunin 16:9, da na tsaye mai 9:16. Da zarar an danna ɗauka, waya takan rubuta yadda aka riƙe ta a cikin fayil ɗin, ko digiri 0, 90, 180 ko 270, kuma ba ta sake shawara. Shi ya sa idan mai ɗauka ya fara a tsaye ya kwantar da wayar a tsakiya, ragowar hoton sai ya fito a gicciye. Gyaran nan ba wuya: a yanka daidai inda aka juya, a juya wannan ɓangaren da digiri 90 a CapCut, InShot ko Premiere Pro.

Takaicin yana ga abin da ke biyo baya. Hoton tsaye a allon kwance kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin kawai yake ci, sai mai tacewa ya kama gefe da gefe ya ja har allo ya cika. Nan take amarya ta gajarce ta baje, farantin shinkafa ya koma kamar ƙwai, hular malami mai wa'azi ta fi kafaɗarsa ta asali faɗi. Haba! Wanda ya biya kuɗin ɗaukar biki fuskar 'yarsa yake son gani yadda Allah ya halicce ta.

Ɓarnar tana da ƙanwa. Masu yanko finafinan Kannywood don TikTok sukan matse hoton kwance cikin allon tsaye, kowa ya zama siriri dogo. Wasu kuma su datse gefuna: cikin ɗigo 1920 na faɗi, kusan 608 ne ke tsira. Mutum biyu na hira, ana jin muryar ɗaya, kafaɗarsa kaɗai ake gani, fassarar ƙasan allo kuma ba kai ba wutsiya.

Gaskiya ne masu biki ba sa son baƙin fili a gefe. To, a cike shi da dishi-dishin hoton kansa. Ba kyau ne da shi sosai ba, amma bai taɓa surar kowa ba. Idan datsewa ta zama dole, a bi fuskar mai magana, da hannu ko da Auto Reframe na Premiere.

Ƙa'idar ɗaya ce: a kulle tsawo da faɗi su riƙa tafiya tare. A juya hoto, a rage shi, a datse shi da lura, amma kada a ja shi.