Tarfentin da Fentin Mai: Hannun da Ba a Gani a Hoto

Fentin mai ba ya bushewa irin yadda wanki ke bushewa a kan igiya. Garin launi ne da aka kwaɓa da man linsid, man kuwa iska yake sha a hankali har ya daskare, samansa cikin kwanaki, cikinsa sai bayan watanni. Abin sirki, wato ruwan da mai zane ke tsinka fenti da shi, aikinsa dabam ne. Yana sa fenti ya yi ruwa ya bi buroshi, sannan ya tashi ya bi iska. Ba ya zama a hoto, amma shi ke yanke yadda fuskar hoton za ta kasance, da yadda za ta tsufa.

Wanda ya fi shahara shi ne tarfentin, da ake tacewa daga ƙaron itacen fayin. Masu zanen Turai sun gina ƙa'ida guda a kansa: shafen farko a yawaita sirki a rage mai, kowane shafe na sama kuma ya fi na ƙasansa maiƙo. Dalilin a fili yake. Idan aka ɗora siririn shafe mai saurin bushewa a kan mai maiƙo da bai gama daskarewa ba, na ƙasa zai ci gaba da motsi, na sama ya tsage.

Sai dai an ba tarfentin girman da ya wuce matsayinsa. Duba hoton Arnolfini da matarsa, wanda Jan van Eyck ya zana a 1434, yana nan a Landan. Zurfin launin koriyar rigar nan daga mai ya fito, shafe a kan shafe, haske na ratsa su yana dawowa. Mai ne ya riƙe launin kusan shekara 600.

Waɗanda suka mai da sirki salo sun zo ne daga baya, kuma a nan labarin ya fi daɗi. A Faransa, Edgar Degas kan matsa fenti a kan takarda mai tsotse ruwa don ta shanye man, sannan ya tsinka abin da ya rage da tarfentin. Sai hoto ya fito ba ƙyalli, ya bushe da wuri, wanda ya dace da mutumin da ke bin motsin masu rawa. A Amurka kuma, a 1952, Helen Frankenthaler ta shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a ƙasa, ba ta yi masa shafen kariya ba, ta kwarara fentin da ta tsinka sosai har zaren ya shanye launin. Hoton da ta kira Mountains and Sea ya buɗe wa masu zane irin su Morris Louis hanya. Ina ganin kyansa, amma akwai bashin da ya biyo baya. Man da ya shiga ɗanyen zare yakan malala ya yi zobe a gefen launi, yana kuma raunana zaren a hankali. Ita kanta ta koma fentin akirilik a farkon shekarun 1960. Fentin da aka cika wa sirki ba shi da isasshen man da zai ɗaure garinsa, masu gyaran tsoffin hotuna ne ke shan wahalarsa.

Babban bashin kuwa jikin mai zane ke biya. Tarfentin na haddasa ƙaiƙayi da kumburin fata, tururinsa na sa ciwon kai da jiri. Tina da ake samu daga ɗanyen man fetur ya fi shi arha, amma tun shekarun 1970 likitoci a Denmak da maƙwabtanta suka danganta daɗewa ana shaƙarsa da mantuwa da raunin ƙwaƙwalwa a tsakanin masu fentin gidaje. An fito da maras wari, wanda aka cire masa mafi munin sinadaransa, irin wanda mai zane Bob Ross ya riƙa wanke buroshi da shi a talabijin. Ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma rashin wari yakan yaudari mutum ya rufe taga.

A nan gida, inda tarfentin na gaske ke da tsada, ɗalibi ko mai rubuta allon shago kan koma ga kananzir ko fetur. Kananzir ba ya tashi da wuri, yana barin maiƙon da ke hana fenti kamawa. Fetur kuwa ga guba, ga gobara.

Ana iya aiki ba tare da su ba. A shafa fenti siriri da buroshi mai tauri, a goge buroshin da tsumma, a wanke da mai da sabulu. Akwai ma fentin mai da ake sirkawa da ruwa, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1990. Tsumman da ya jiƙe da man linsid dai kada a tara shi, domin yana ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, kamar yadda ya faru a wani dogon bene a Filadelfiya a 1991, inda 'yan kwana-kwana uku suka mutu. Malaman zane su koya wa ɗalibai wannan tun ranar farko, kafin su miƙa musu kwalbar tina.