Sharhi: Kai Shida, Alƙalami Ɗaya

Ya 'yan'uwa marubuta, duk wanda ya taɓa halartar zaman da mukan yi, wani lokaci a Dutsin-Ma wani lokaci a Kurfi, ya san ciwon da ke damunmu. Da zarar babba ya kawo jigon labari, shi ke nan an rufe ƙofa, kunya ta ɗaure bakin yara da mata. Shi ya sa labaranmu ba su cika wuce auren dole da rikicin kishiyoyi ba.

Wannan ne ya sa muka jarraba wata dabara ta tattaro ra'ayoyi mai suna 6-3-5, wadda wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1960. Mutum 6 za su zauna, kowa da takardarsa. Cikin minti 5 kowa ya rubuta ra'ayi 3, ba magana, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora a kai. In an zagaya sau 6, cikin rabin awa an tara ra'ayi 108. Sai an gama ake zaɓe da suka.

Amfaninta a fili yake, domin takarda ba ta san furfura ba. Wata ɗaliba da ba mu taɓa jin muryarta ba ita ta kawo jigo mafi ƙarfi, wato masunci a dam ɗin Zobe wanda ɗansa ya ƙi gadon koma.

To amma da daɗi ya kwashe mu muka ce bari mu rubuta labarin ma ta wannan hanya, sai aka yi ɓarna. Masuncin ya fito da harshe shida. A shafi na 2 yana zubar da hawaye, a na 3 yana barkwanci ba dalili, ɗan kuwa ya ɓace ba sallama. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ba a ce shi ke gyara ta ba.

Mu tuna, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ya tsinto labarai daga wurare da dama, amma murya ɗaya ake ji tun daga farko har ƙarshe.

Saboda haka shawararmu ita ce, a yi gayya wajen neman jigo, amma a bar wa mutum ɗaya alƙalami. Mun mayar wa ɗalibar nan masuncinta, muna jiran abin da za ta kawo mana a zama na gaba. Allah Ya yi mana jagora, amin.