Kiɗan Mutum Biyu Masu Sauraron Juna

Yau zancen kiɗa na kawo muku, ko da yake na san wata za ta taɓe baki ta ce ina ruwan matar aure a Dutse da kiɗan Amurkawa? Yi haƙuri ki ji.

Ƙanena ne ya tura min faifan a waya, na kunna ina tsince shinkafa a tsakar gida. Sunansa Village Life, wato zaman ƙauye, ya fito a 1985. Mutum biyu ne kacal a ciki: Herbie Hancock, gwanin jaz na Amurka, da marigayi Foday Musa Suso ɗan Gambiya, wanda ya gaji kiɗa iyaye da kakanni. A Tokiyo ta ƙasar Japan suka ɗauke shi. Suso na kaɗa kora, wata babbar ƙwarya ce da aka rufe da fata mai tsirkiya 21, kamar yayar gurminmu, wani wurin kuma ya ɗauki kalangu. Shi ko Hancock fiyanon lantarki yake dannawa.

Abin da ya kama zuciyata shi ne, a lokacin Hancock sunansa ya gama duniya, da ya so da ya danne abokinsa da ƙarar na'ura. Amma ina! Sai ya sassauta hannu yana bin kora a hankali, in ta yi magana ya amsa, in ta ja numfashi ya cike gurbin. Ki saurari Kanatente, kiɗan ƙarshe mai kusan minti 20, babu inda ɗaya ya katse ɗaya.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Gangar inji da aka sa a wasu wurare ba ta da rai, duk wadda ta saba da kalangun biki a Kiyawa ko Birnin Kudu za ta ji ta salam kamar miyar da ba daddawa. Sannan mai gaggawa ba za ta ji daɗinsa ba, sai an zauna.

Allah Sarki! Gidaje nawa ne a garin nan murya ɗaya kawai ake ji tun safe har dare? Waɗannan bayin Allah ƙasarsu daban, harshen uwarsu daban, amma kowa ya bar wa ɗan'uwansa fili. 'Yar'uwa, ki nemi faifan, ranar da maigida ke cikin nishaɗi ki kunna muku bayan isha'i. Kada ki ce masa komai, ki bar shi ya ji da kunnensa.

Wassalam, taku har kullum.